Idan manhaja ta ƙi aiki, me ya kamata ta faɗa wa mutum?

Abin da mutum yake yi idan waya ko kwamfuta ta nuna masa saƙon da bai gane ba sananne ne, sake dannawa zai yi. Ba zai tsaya ya karanta sau biyu ba, ba zai kira kowa ba, yatsa kawai zai koma kan maɓallin nan ya latsa, in ta ƙi ya ƙara latsawa. Duk mai rubuta manhaja ya kamata ya san da wannan kafin ya sa kalma ko ɗaya a cikin ɗan akwatin nan da ke fitowa idan abu ya lalace, domin wani lokacin sake dannawar ba ta da illa, wani lokacin ita ce za ta sa a cire wa mutum kuɗi sau biyu, kuma an taɓa yin lokacin da ta ci rai.

Mu fara da wanda kowa ya sani. Ka je wajen mai POS ka ba shi kati, ka sa lambar sirrinka, na'ura ta yi ta juyawa ta yi ta juyawa, can sai ga takarda ta fito da "Issuer or switch inoperative" da lamba 91 a jiki. Mai POS ya ce maka netwok ne. Kai kuma kafin ka mayar da kati aljihu sai ga alat ya shigo an cire kuɗin. To a nan fa ake rigima, shi yana nuna maka rasit cewa bai shiga ba, kai kana nuna masa waya cewa an cire, kuma dukkanku gaskiya kuke faɗa.

Wannan lambar ta 91 ba bankinka ne ya ƙirƙiro ta ba. Daga wani tsari ne na duniya da ake kira ISO 8583, wanda tun 1987 na'urorin kati suke magana da juna da shi. A cikinsa akwai gurbi na musamman da ake sa amsar da banki ya bayar: 00 an amince, 51 kuɗin asusu bai isa ba, 55 lambar sirri ba daidai ba, 54 kati ya ƙare aiki, 61 ka wuce iyakar abin da aka yarda ka cire, 05 banki ya ce kada a biya kuma bai faɗi dalili ba. Ita 91 ma'anarta ita ce bankin da ya ba ka kati, ko kuma kamfanin da ke tsakiya yana haɗa bankuna da juna, bai amsa ba. Ka ga saƙon katinka yana tashi ne daga na'urar mai POS, ya bi ta kamfanin da ke kula da na'urar, ya bi ta masu haɗa bankuna, sannan ya isa bankinka, amsa kuma ta biyo wannan hanyar ta dawo. Idan bankinka ya riga ya cire kuɗin amma amsarsa ta makara a hanya har na'urar ta gaji da jira, sai ta buga cewa abu bai yiwu ba, alhali can an cire. Daga baya ne ake aika saƙon a mayar da kuɗin, shi ne wanda muke jira kwana da kwanaki.

Lambar ba ta yi ƙarya ba, amma an rubuta ta ne don injiniyoyin banki. Shi wanda ke tsaye da kati a hannu tambayoyinsa daban ne: kuɗina sun fita ko ba su fita ba, in sake gwadawa ko in dakata, in sun fita yaushe za su dawo, wa zan je wurinsa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da takardar nan ta amsa. Da an rubuta "Bankinka bai amsa ba. Mai yiwuwa an cire kuɗin, a duba asusu kafin a sake gwadawa. Idan an cire za a mayar, a ajiye wannan rasit ɗin", wallahi da rabin cacar bakin da ake yi a rumfunan POS ba a yi ta ba.

Akwai wani abu a nan da masu koyon rubuta manhaja suke yawan tsallakewa. Suna ɗauka sakamakon kowane aiki biyu ne, ko ya yi ko bai yi ba. A gaskiya uku ne, akwai na ukun wanda shi ne "ban sani ba". Duk lokacin da manhajarka ta aika buƙata zuwa sabar, wato babbar kwamfutar da ke can nesa tana sarrafa aikin, ta jira amsa ba ta zo ba, ba ka da hujjar cewa aikin bai yiwu ba, abin da ka sani kawai shi ne amsa ba ta iso ba. Idan a wannan halin ka rubuta wa mutum "Tiransifa ba ta tafi ba, a sake gwadawa" to ka yi masa ƙarya kuma ka tura shi ya sake tura kuɗi. Waɗanda suka ga ƙarancin takardun kuɗi a Najeriya a farkon 2023, lokacin da kowa ya koma tiransifa manhajojin bankuna suka riƙa shaƙewa, sun san yadda wannan yake. Maganar gaskiya a wurin ita ce "Ba mu tabbatar ba tukuna, kada a sake turawa, za mu sanar da zarar an tabbatar", sannan a kashe maɓallin turawa har sai an san matsaya. A ɓangaren sabar kuma a ba kowace buƙata lamba tata ta daban, ta yadda ko an aiko ta sau biyar sau ɗaya za a biya. Kamfanonin biyan kuɗi irin su Stripe suna da wannan tsarin tuntuni, ba wani sabon ilimi ba ne.

Na ce an taɓa rasa rai, ba zuzuta magana ba ce. Akwai wata na'urar gashin ciwon daji mai suna Therac-25 da wani kamfanin Kanada, AECL, ya ƙera. Tsakanin 1985 da 1987 an san sau shida da ta zuba wa marasa lafiya haske mai ƙarfin da ya wuce kima nesa ba kusa ba, wasu suka mutu. A watan Maris na 1986 a wani asibitin ciwon daji da ke garin Tyler a jihar Texas ta Amurka, ma'aikaciyar da ke sarrafa na'urar ta shigar da bayanan magani, ta ga ta sa harafin da ba shi ba, ta gyara da sauri don hannunta ya saba, ta kunna. Na'ura ta tsaya ta nuna "Malfunction 54". Shi kenan abin da ta ce. Littafin da aka ba ma'aikata bai yi bayanin lambobin nan ba, takardar da ke wajen na'urar kuma ɗan bayanin da ta bayar ba ya nuna ko hasken ya yi yawa ne ko ya yi kaɗan, allon ma cewa ya yi abin da ya shiga jikin majinyacin bai kai wanda aka nema ba. Kuma na'urar ta saba tsayawa haka nan tana nuna lambobi barkatai a kullum ba tare da wani abu ya faru ba, har ma'aikata sun saba da danna harafin P don a ci gaba. Sai ta danna P. Mutumin ya rasu bayan wata biyar. A watan Afrilu aka sake ganin wannan lamba 54 a kan wani majinyacin a asibitin, shi ma bai rayu ba.

Asalin laifin yana cikin kod ɗin na'urar, wato rubutaccen umarnin da take bi, da kuma cire makaran kariya na ƙarfe da tsofaffin samfuran suke da su, binciken da Nancy Leveson da Clark Turner suka fitar a 1993 ya yi bayanin wannan filla-filla. Amma saƙon shi ne dama ta ƙarshe da ake da ita ta tsayar da hannun mutum, kuma bai tsayar ba. Abu biyu suka haɗu: saƙon bai faɗi girman haɗarin ba, sannan yawan gargaɗin banza ya sa an daina jin tsoron gargaɗi. Wannan na biyun yana damuna sosai da manhajojin yanzu, komai ƙanƙantarsa sai an fito da jan akwati da alamar motsin rai, to ranar da abu na gaske ya faru da me za ka bambanta shi?

Wani zai ce ai lamba ba laifi ba ce, kuma haka ne. Ranar 20 ga Yuli 1969 lokacin da kumbon Apollo 11 yake sauka a kan wata, kwamfutarsa ta nuna 1202, Neil Armstrong ya nemi a faɗa masa ma'anarta daga ƙasa. A Houston, inda cibiyar da ke kula da tafiyar kumbon take, akwai wani matashin injiniya Jack Garman da ya riga ya rubuta lambobin gargaɗin da hannunsa a takarda, da abin da za a yi wa kowacce, ya duba ya ga ma'anarta aiki ya yi wa kwamfutar yawa tana ajiye marasa muhimmanci tana riƙe manya, ya faɗa wa Steve Bales, jami'in da ke lura da tsarin tuƙin kumbon, aka ce su ci gaba da sauka. Lambar ta yi amfani saboda akwai ɗaki guda cike da ƙwararru masu fassara ta cikin daƙiƙoƙi. Mai sayar da hatsi da ke ƙoƙarin tura kuɗi da *lamba# a ƙaramar waya ba shi da Houston. Shi idan wayar Android ta ce masa "Connection problem or invalid MMI code" ba shi da wanda zai tambaya, kuma saƙon da kansa ya haɗa abubuwa biyu da maganinsu ya sha bamban, ko netwok ne ya yanke ko lambar da ya danna ce ba daidai ba. Na farko jira ne ko canza wuri, na biyu gyara lamba ne.

Saboda haka kowane saƙon kuskure masu karatunsa biyu ne, kuma bai kamata a ba su abu ɗaya ba. Mai amfani da manhaja a ba shi magana da harshen mutane. Injiniya kuma a rubuta masa cikakken bayani a rijistar sabar, wane layi ne ya faɗi, da ƙarfe nawa, wace buƙata ce. Abin da ke haɗa su shi ne 'yar gajeriyar lambar shaida a ƙasan saƙon, wadda idan mutum ya kira masu kula da kwastoma zai karanto musu su gano ainihin abin da ya faru da shi. Ko Microsoft da shuɗin allonta na Windows da aka daɗe ana tsoro a hankali ta gane haka, a Windows 8 ta rage tarin lambobin nan ta sa gajeren bayani, a 2016 kuma ta ƙara alamar QR da za ka ɗauka da waya.

To me ya sa har yanzu ake rubuta saƙonni marasa kan gado? Ni a ganina ba rashin iya Turanci ba ne, yadda ake gina manhajar ne. Mai zane zai zana duk shafukan da ake gani idan komai ya tafi daidai, a yi taro a kansu, a gyara launi a gyara rubutu. Shafin da za a gani idan abu ya lalace kuwa ba wanda ya zana, sai furogirama, wato mai rubuta manhajar, ya zo ƙarshen aiki dare ya yi ana jiran a saki manhaja, ya sa tarko ɗaya da zai kama duk wani kuskure ko wane iri ne, ya rubuta "Something went wrong" ya wuce. A lokacin da kuskuren ya faru kod ɗin ya san dalili sarai, ya san ko data ce ta ƙare, ko fayil ne ya yi girma, ko sabar ce ta faɗi, amma kafin labarin ya iso fuskar waya an zubar da dalilin a hanya. Kamar ka kai mota wajen bakanike ya buɗe gaba ya duba ya gano abin da ke damunta, sannan ya rufe ya ce maka "akwai matsala" ya juya ya tafi. Shi ya sa gyaran saƙo ba aikin marubuci kaɗai ba ne, sai an koma cikin kod an raba kurakuran gida-gida. Ko lambobin intanet ɗin nan da muke gani ai sun riga sun raba: 404 ba a sami shafin ba, 403 ba ka da izini, 429 ka yi ta aiko buƙata da yawa, 500 da 503 matsalar daga sabar ce. Duk wanda ya fara da 4 yawanci akwai abin da mai amfani zai iya gyarawa, wanda ya fara da 5 kuwa ba laifinsa ba ne kuma ya kamata a faɗa masa haka ƙarara, don kada ya zauna yana kashe waya yana kunnawa yana sayen sabuwar data.

Wani masani mai suna Jakob Nielsen ya tara ƙa'idoji goma na sauƙin amfani da manhaja a 1994, ta tara a cikinsu a kan wannan take: saƙon kuskure ya zo da harshe mai sauƙi, ya nuna ainihin matsalar, ya ba da mafita. Fiye da shekara talatin ke nan kuma ba abin da ya tsufa a ciki. Ni abin da zan ƙara a kai shi ne a faɗa wa mutum halin da kayansa suke ciki. Wanda ya yi minti arba'in yana cike fom ɗin neman aiki ko na makaranta, abin da zuciyarsa ta fara tambaya idan ya ga ja shi ne ko duk abin da ya rubuta ya tafi. Jimla ɗaya, "Bayananka suna nan an adana", ta isa ta kwantar masa da hankali, amma fa sai in da gaske an adana.

Batun fom ɗin nan yana da faɗi. Akwai wanda ke ci mini rai ƙwarai, shi ne a ce wa mutum sunansa ba daidai ba ne. Sa'adatu, Mu'azu, Rabi'u, Asma'u, Isma'ila, duk sunaye ne masu ɗauri a tsakiya, ga kuma masu ƙ da ɗ da ɓ irin su Ɗanladi da Ɗahiru, sai mutum ya rubuta sunan da aka raɗa masa ranar suna manhaja ta ce "Invalid name". Sunan lafiyarsa lau, manhajar ce aka gina ta da tunanin haruffan Turanci 26 kawai, ko kuma furogirama yana tsoron a yi masa kutse ta alamar ɗauri sai ya hana ta gaba ɗaya maimakon ya tsare rumbun bayanansa yadda ya dace. Gyara na gaskiya shi ne a karɓi sunan. In kuma dole ce ta sa, misali wani tsohon tsari da ake haɗawa da shi ba ya karɓa, to a ce "Tsarinmu bai iya karɓar alamar ' ba tukuna, a rubuta sunan ba tare da ita ba", laifin ya zauna inda yake. Haka lambar waya, wani zai rubuta ta da 0 a farko, wani da +234, wani ya sa tazara a tsakani, duk lamba ɗaya ce, kwamfuta za ta iya daidaita su cikin ƙiftawar ido ba sai an mayar wa mutum da fom ba. Inda kuma tsawon lamba yake da muhimmanci a faɗa da adadi: lambar asusun banki 10 ce, BVN da NIN kowacce 11, to a ce "Lambar asusu 10 ce, an shigar da 9". Rigakafi ya fi magani, sharuɗɗan kalmar sirri ma a nuna su tun kafin mutum ya fara rubutawa, ba sai ya gama a ce babu babban harafi, ya gyara a ce babu lamba, ya gyara a ce ta yi gajarta ba.

Sannan saƙon ya tsaya kusa da gurbin da ke da matsala, kada a goge sauran abin da aka cike, kuma kada a dogara da jan launi kaɗai don akwai masu matsalar bambance launi, akwai makafi da manhajar karanta allo ke karanta musu. Ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa wa masu buƙata ta musamman amfani da intanet sun tanadi cewa a bayyana kuskure da rubutu.

Yanayin magana ma wani abu ne. Masu tsara shafukan gwamnatin Birtaniya a ƙa'idarsu sun hana kalmomi irin su "invalid" da "illegal" da "oops" a saƙon kuskure, har ma da "please" da "sorry", hujjarsu ita ce ban haƙuri ba ya gyara komai. Na yarda da su a kan na farkon ɗari bisa ɗari, musamman wasa, mutumin da kuɗin maganin mahaifiyarsa suka maƙale ba ya buƙatar hoton fuska mai murmushi. Amma a kan ban haƙuri ina da ja kaɗan idan da Hausa ake rubutu. A wurinmu wanda ya ɓata maka lokaci bai ce ka yi haƙuri ba ya yi rashin ladabi, don haka idan laifin daga sabar ne "A yi haƙuri, matsalar daga wajenmu ce" ya dace, sau ɗaya, sannan a wuce zuwa mafita. Idan kuma harafi ɗaya mutum ya manta a imel ɗinsa babu buƙatar wani dogon ban baki, a nuna masa wurin kawai. Wani abin lura ga masu mayar da manhaja Hausa shi ne ba ka san ko namiji ne ko mace ke riƙe da wayar ba, "a sake gwadawa" ko "ku sake gwadawa" ya fi "ka sake" tsira. Kuma kada furogirama ya yanka jimla gunduwa-gunduwa a cikin kod yana liƙa su bisa tsarin Turanci, a ba mai fassara cikakkiyar jimla da bayanin inda za ta fito. A USSD ma, wato tsarin *lamba#, wuri ya yi ƙaranci, saƙo ɗaya ba ya wuce harafi 182, dole abin da mutum zai yi ya zo a farko.

Akwai wurin da ɓoye bayani yake daidai, kada a ce ban faɗa ba. A shafin shiga asusu idan ka ce "Wannan imel ɗin yana nan amma kalmar sirri ba daidai ba" ka tabbatar wa ɓarawo cewa ya sami rabin abin da yake nema, shi ya sa masana tsaro irin na OWASP suke ba da shawarar a ce "Imel ko kalmar sirri ba daidai ba" a dunƙule. Haka nan zubo wa mutane dogon rubutun kod da sunan rumbun bayanai a fuskar shafi kyauta ce ga masu kutse. Amma ko a nan ɗin ana iya taimakon mai gaskiya, a sa masa hanyar sauya kalmar sirri a kusa, a faɗa masa saura gwaji nawa kafin a rufe asusun. Abin da ba na so shi ne a fake da tsaro a ƙi yin bayani a wuraren da babu wani sirri, kamar girman hoton fasfo da ake so a ɗora.

Su kansu masu rubuta kod sun ɗanɗana daɗin saƙo mai kyau. A harshen rubuta manhaja na Python, kafin Python 3.10 da ta fito a 2021, idan ka manta rufe baka sai ta nuna maka wani layi can ƙasa da ba ruwansa ta ce tsarin rubutu ba daidai ba, ɗalibi ya kwana yana nema. Yanzu kai tsaye take nuna bakar ta ce ba a rufe ta ba, in ka yi kuskuren rubuta suna ma ta tambaye ka ko kaza kake nufi. Harsunan Elm da Rust sun yi suna a kan wannan. Wanda ya ji sauƙin haka a aikinsa ba shi da uzurin barin kwastomansa da "Error occurred".

Ga mai manhaja a hannu yanzu, aikin ba ya buƙatar kasafin kuɗi mai yawa. A binciko duk saƙonnin kuskure da ke cikin kod a zuba su a takarda ɗaya, za a sha mamakin yawansu da yadda wasu ba wanda ya san ma me ke tayar da su. A duba rijista a ga waɗanne ne suka fi fitowa, a zauna da masu amsa kiran kwastoma domin su ne suka san wanda ya fi sa mutane kira cikin fushi, a fara da waɗannan. Kowane saƙo da aka sake rubutawa a nuna wa wanda ba ma'aikacin kamfanin ba, a ƙaramar waya, a tambaye shi abu ɗaya: yanzu me za ka yi? In amsarsa ta yi daidai da abin da ake so ya yi, saƙon ya wuce. In ya ce zai sake dannawa alhali ba a so ya sake, a koma a gyara. Sannan a kashe data ana tsakiyar biyan kuɗi a ga abin da manhajar za ta ce, domin yawancin masu gina ta a ofis suke gwaji da intanet mai ƙarfi, masu amfani da ita kuwa da yawansu sanda ɗaya ko biyu ta netwok suke lallaɓawa da ita.